Ƙofar Arewa da Aka Toshe

Betsan ta sunkuya ta shiga cocin da jikanta a hannu, ta ɗaga ido, sai ƙafarta ta kafe. Babu ƙofar arewa. 'Yar guntuwar ƙofar katakon nan da ke fuskantar kaskon dutsen baftisma, an cike gurbinta da duwatsu an shafe da farar ƙasa, ko gama bushewa ba ta yi ba. Mako shida kacal ta yi a bayan tudu tana jinyar jegon 'yarta Lowri, shi ne aka yi wannan ɓarna.

Elis magini na tsaye da igiyar ƙararrawa a hannu, yana ta kallon katakan rufi kamar yau ya fara ganinsu.

"Elis, ina ƙofar?"

"Sabon limami ne ya ce a toshe. Wai sanyi na shigowa yana kama masa ƙirji."

"Kai kuma da furfurarka ka kwaɓa ƙasa. Ta nan fa aka kori naka shaiɗanin, in ma ya fita."

Ko yaran kwarin nan sun san amfanin ƙofar. Idan ruwa ya taɓa goshin jariri ya tsala kuka, shaiɗanin da ya biyo shi duniya ne ke fita, kuma ta nan yake bi ya faɗa gefen da rana ba ta kaiwa. Ƙofar kudu ta mutane ce, akwai gicciye a samanta, ba ya kusantarta. In ya rasa hanya, jikin da ya baro zai koma. Lowri kuwa ta riga ta binne 'ya'ya biyu, wannan na ukun bai fi ɗan zomo nauyi ba.

Limamin ya fito daga bayan wani shingen katako mai sassaƙen ganyen inabi, yaro ne sharaf daga Ingila, hancinsa ja wur. Betsan ta tare shi.

"Yallaɓai, a cire ko dutse ɗaya ne. Tafin hannu ma ya isa."

Ya yi mata murmushin da ake yi wa wadda ta fara ruɗewa. Ya ce camfi ne, kuma in ba a yi wa jaririn baftisma yau ba sai ya sake zagayowa bayan wata guda. Wata guda, da yaron da numfashinsa ke fita da ƙyar? Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta dubi taga, siririya ce kuma gilashin a kafe yake. Ta dubi jama'a, kowa ya shige wurin zamansa da aka kewaye da katako kamar akwati, ya ja ƙyaure ya sunkuyar da kai.

Ta sumbaci goshin yaron, ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta miƙa wa uwarsa. Ta taka ta je ta jingina bayanta da sabon bangon, daidai inda ƙofar take a da. Ta kwance mayafin ulunta, ta buɗe baki.

A ranta ta ce, "Zo nan, ɗan banza. Ga tsohon gida, shigo ka bar mini yaro."

Limamin ya ɗebo ruwa ya zuba a goshin jaririn. Yaron ya tsala kukan da ya cika cocin har rufi, ita kuma ta ji wani sanyi ya bi maƙogwaronta ya sauka ya zauna a ciki. Ta rufe baki da sauri ta haɗiye. Elis ne kaɗai ya gani, igiyar ta suɓuce daga hannunsa.

A waje ana yayyafi. Lowri ta fito tana dariya tana hawaye, ta nufo ta da yaron.

"Mam, kin ji muryarsa kuwa? Karɓe shi, hannuna ya gaji."

Betsan ta mayar da hannuwanta baya, ta ja taku biyu.

"Kada ki kawo shi kusa da ni."

Dariyar Lowri ta ɗauke. "Mam, lafiya? Jikanki ne fa. Ke ce ba kya barin kowa ya taɓa shi."

"Ki rufe masa kai, ana ruwa. Ki ce wa mijinki ya kawo mini kayana gidana."

"Sai yaushe za ki dawo?"

Betsan ta leƙa fuskar yaron daga inda take tsaye, ya yi shiru yana tsotsar hannu, kumatunsa sun yi ja.

"In ya girma ki nuna masa ni daga nesa."