Da'irar da Mujtaba Ya Zana

Da hantsi aka sari ƙanena Attahiru a bakin tur'a, ƙoramar da ke shayar da gonakinmu na auduga. Ranar ruwansa ce, maƙwabcinsa ya toshe ya karkata ruwan zuwa tasa gonar. Suka yi cacar baki, mutumin ya kafta masa lauje a cinya ya gudu.

Ko da na iso, mutane sun yi cirko-cirko, ba mai matsawa. Mujtaba mai shayi ne ya hana su. Shekara uku yana kunna mana musalsal, wato fim mai dogon zango, na 'yan sanda a talabijin ɗin shagonsa, har ya ɗauka shi ma mai bincike ne. Ya zana da'ira da sanda kewaye da Attahiru, wanda ke kwance yana nishi, jini na gangarawa cikin ruwa.

"Kowa ya taka nan ya ɓata shaida," in ji Mujtaba. "Sai bolis sun zo daga garin Managil."

Na ce, "Ya zol, kai bawan Allah, wace shaida? Mutum goma sun ga wanda ya sare shi!"

"Kawu, kai ba ka kallo har ƙarshe. Akwai zanen yatsa a laujen..."

Na kwaɗa masa ƙotar fartanya a baki, haƙora biyu suka zubo. Na warware rawanina na ɗaure cinyar, muka ɗora Attahiru a karo, amalanken jaki.

Ya rayu, amma likita ya ce mun makara, aka yanke ƙafar. Yanzu ni ke ba gonarsa ruwa.