Kwikwiyon Baturen Auduga

Malam Harisu shi ne sarkin barikin Faskari, shi ke shara, shi ke tanadin ruwa da itace in Bature zai sauka. A kakar 1954 wani Baturen auduga ya kwana biyu a barikin. Da zai wuce rangadi Sabuwa sai ya miƙa wa Harisu kwando da ɗan kwikwiyo a ciki, ya ce a riƙe masa mako uku, kuma kada a bar shi waje, shaho zai ɗauke shi.

Harisu ya kai kwandon gida ya dire gaban matarsa Suwaibatu. Ta leƙa, ta ga abu fari mai gashi buzu-buzu, bai fi ɗan tsakon zomo ba.

"Malam, mi ne ne wanga?"

"Kare ne. Amana ce."

"Kare cikin gidan da ake salla?"

"Mako ukku ne kawai," in ji shi, ya saɓi sandarsa ya koma bariki.

Kafin azahar kwikwiyon ya jiƙa buhun da take zama a kai wajen kaɗi. Ta wanke, ta shanya. Da la'asar ya shiga ɗaki ya yi a gindin buhun gero. Washegari ya sa baki a ƙwaryar nono, ta zubar da nonon, ta wanke ƙwaryar sau bakwai tana ƙunƙuni. Tulu huɗu na ruwa da ke isarta yini suka daina isa. Ta ɗaure shi a turken akuya, ya yi ta kuka kamar jariri har Inna Mero, uwar mijinta, ta fito ta ce a kwance shi, kanta zai tsage.

Aka kira Rabo maharbi, tun da shi ya san karnuka. Ya tsaya a zaure, aka fito masa da kwikwiyon. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya juya shi, ya yi dariya har da tari.

"Inna, wanga ba kare ba ne. Nawa kam ba su shiga ɗaki, balle in san yadda ake hana su."

Ya tafi bai bar wa Suwaibatu dabara ko ɗaya ba.

Ran nan Suwaibatu na shanyar wanki karo na uku, sai ta lura duk abin da ke kan igiya buhu ne. Bai taɓa ɓata tabarma ba, bai taɓa ɓata daɓe ba sai inda buhu yake. Ta tuna ma a ƙasan kwandon da aka kawo shi tsumman buhu ne shimfiɗe. Ashe haka aka saba masa a gidan Bature.

Ta ɗora buhunan gidan duka kan rumbu, ta bar tsoho guda ɗaya a ƙofar ɗaki. Kullum sai ta ja shi gaba taku biyu ko uku, har ya kai bayan rumbu. Da kwikwiyon ya ci, ko ya farka, ko ya fara shinshinar ƙasa yana zagaye, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta bi shi tana cewa, "Ja'iri, waje." Tuwonta ya ƙone sau biyu a kan haka. Sau ɗaya ta sallame salla ta tarar ya riga ta. Amma cikin mako na uku da ta faɗi kalmomin nan zai ruga bayan rumbu, ya gama, ya dawo yana kaɗa bindi.

Bature ya dawo ya ɗauki abinsa. Suwaibatu ta ƙone buhun, ta wanke tsakar gida, ta yi wanka.

Bayan kwana huɗu sai ga Gide, kukun Baturen, a kan keke ya yi sallama da Harisu. Ya ce tun da aka koma kwikwiyon ya ƙi buhu, ya ƙi waje, sai kan shimfiɗar Bature. Maigidansa ya ce a tambayo me uwargida ke gaya masa.

Harisu ya shiga ya tambaye ta. Ta ci gaba da tsinke zogale.

"Ki hwaɗi mana, mutum na jira."

"Ba magana ba ce mai kyau."

Da ƙyar ta faɗa, Harisu ya fita ya gaya wa Gide. Gide ya sa aka maimaita masa sau biyu, ya ce to Bature zai so sanin ma'anarta.

"Ka ce mishi sunan yabo ne," in ji Harisu.

Da ya dawo ciki yana dariya, Suwaibatu ba ta taya shi ba. Ta ce gobe kasuwa, ya sawo mata sabuwar ƙwarya da sabulu, kuma in wani Bature ya sake ba shi amana mai numfashi, ya riƙe ta can bariki.