Ƙafar Zabuwar Adda

Ni Gwadabe, ko a makabarta aka ajiye ni sai na sami wanda zan yi wa musu. Shekarar da na dawo daga haƙar kuza a Riruwai ba ko anini a aljihu, sai na koma ɗaukar karatu wurin Malam Abdussalami a Dangora. Wata uku kacal, na fara gyara wa mutane alwala.

Ran nan da kaka na ɗana tarko a bakin gonata, ya kama zabuwa. Na ce ta daji ce, Allah ya kawo. Na yi bisimilla na yanka, na kai wa matata Saude. Muna cikin fige ta sai idona ya faɗa kan ƙafar hagu: ɗan yatsan tsakiya a guntule. Duk unguwa an san wannan shaida. Adda ce, tsohuwar maƙwabciyarmu, take yi wa kiwonta haka.

Nan take na gane zabuwarta ce. Amma ƙamshin daddawa ya riga ya tashi, ni kuwa rabona da nama tun Babbar Salla. Na sa wuƙa na datse ƙafar, na binne ta a gindin rumbu. Saude ta dube ni, na ce, "Ke, kuskure ba zunubi ba ne. Yana cikin littafi." Na ci har da tanɗe hannu.

Kwana biyu sai ga karen Ɗantani maharbi yana yawo a dandali da ƙafar a baki. Ashe ta danga ya shigo ya tone. Adda ta ɗora hannu a ka, samari suka rufe kare da sanda har suka karya masa ƙafar baya. Mai unguwa ya ce gobe a kashe shi. Ɗantani kuwa ba shi da gona, da wannan kare yake ciyar da gidansa. Ya zauna a ƙasa yana rantsuwa karensa bai taɓa kiwon kowa ba. Ina tsaye a wurin, har da girgiza kai ina cewa, "Kai, duniya ta lalace."

Bayan La'asar na kasa zama. Na je wurin Malam na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Allah gafarta Malam, wani mutum ne ya yanka tsuntsu bisa rashin sani."

"Babu laifi a kansa," in ji Malam. "Ya biya mai shi, shi ke nan."

Na ji sanyi, har na fara tattara riga zan tashi. Sai ya ɗaga buzu ya ciro ƙafar. Ashe Ɗantani ne ya kawo masa.

"Gwadabe, kai da ka iya karatu, duba min nan. Haƙori ne ya yi wannan yanka, ko wuƙa?"

Na duba. Yankan sumul, kamar na mahauci. Na ce, "Wuƙa ce, Allah gafarta."

"To, shi wannan mutum naka, sanda yake haƙa rami, ya sani ko bai sani ba?"

Wallahi kunya ta kama ni. Na ce, "Ya sani."

"Yanka dai kuskure ne. Je ka gaya wa mai unguwa sauran, tun kafin a wasa wuƙa."

Na je na faɗa a gaban jama'a. Adda ta zage ni tas, ta karɓi zabi biyu. Ba a kashe kare ba, amma ƙafarsa ba ta warke daidai ba, ko zomo bai ƙara kamawa ba. Washegari Ɗantani ya janyo shi da igiya ya ɗaure min a ƙofar gida, ya juya.

Shekara shida ina ciyar da shi. Duk inda na nufa yana biye da ni yana ɗingishi, har bakin masallaci. In na buɗe baki zan gyara wa wani karatu, sai mutumin ya dubi karen kawai.