Kududdufin Bayan Katangar Jibirin

Umoru mutumin ƙasar Katsina ne, kuma duk wanda ya tashi a can ba ya iya ganin ruwa yana tafiya a banza ya yi shiru. Ya yi shekaru yana zuwa Kumasi fataucin goro, amma kullum da rani yake zuwa, ya ɗaure kayansa ya juya tun hadari bai haɗu ba. A zuwansa na ƙarshe gwiwa ta ƙi, ayari ya tafi ya bar shi. Mai masaukinsa, Maigida Jibirin, shi ya yi jinyarsa a zaure. Da ya miƙe kuma ya yanka masa fili a bayan gidansa, ya ce ya gina ɗaki ya zauna. Abin da ya raba su tsohuwar katangar laka ce mai tsawo, wadda ta rufe tsakar gidan Jibirin.

A da gidan Jibirin ba ya rabuwa da baƙi. Da jirgin ƙasa ya fara kwashe goro zuwa bakin teku sai fatake suka ja baya, barori suka zame ɗaya bayan ɗaya. Amma in ka gan shi a ƙofar masallacin Zango da rawani da babbar riga, ba ka cewa wani abu ya taɓa shi. An dai san matarsa Hajaratu ba ta da lafiya. In mata sun zo dubiya sai ya tare su a zaure ya ce ta samu barci, kada su damu, ɗiyar ƙanwarta ta zo daga Salaga tana kula da ita. Abin da ke bayan katangar nan ba wanda ya sani, kuma ba abin da Jibirin ke tsoro a duniya kamar a sani.

Kowace la'asar Jibirin yakan taka turmi ya miƙo akushi ta saman katangar.

"Malam Umoru, ga saƙo daga cikin gida."

Umoru mutum ne mai baki. Sai ya buɗe, ya ɗanɗana miyar, ya ɗaga murya: "Maigida, don Allah a gaya wa yarinyar nan ta Salaga ta rage gishiri. Ko so take ƙishirwa ta kai ni lahira?" Jibirin ya yi dariya ya ce zai gaya mata. Washegari gishirin yana nan yadda yake, zolayar ma tana nan.

To, a bayan ɗakin Umoru akwai ramin da aka ɗebi ƙasar gini, damina ta cika shi ya zama ɗan kududdufi. In ya cika sai ya malala ta wata 'yar hanya ya gangara ƙasa. Tsakaninsa da katangar Jibirin kuwa ayaba ce da mankani, wato gwaza, cunkus, ko kaza ba ta ratsawa. Umoru yakan zauna a bakin ƙofa yana kallon ruwan nan yana wucewa, abin yana cin ransa. Mahaifinsa da jigo ya yi ta jan ruwa a lambu har bayansa ya lanƙwashe, ga shi nan ana barin sa yana tafiya kamar ba shi da mai shi.

Da ruwan sama ya ɗauke, sai Umoru ya ce damina ta wuce, dole a tare abin da ya rage kafin rani. Ya toshe hanyar fitar ruwan da laka da marmara, ya dandaƙe. Ya sare ayabar nan kaf, ya tumɓuke mankanin, wai suna kawo macizai suna kuma tare iska. Ya faɗaɗa ramin ya nufi wajen katanga, ya jera duwatsu a bakinsa. Ya kafa zogale ta gabas, ya shuka lalle da ɗoɗɗoya da yakuwa, ya samo bado ya jefa a ruwan. A wuri mafi kyau ya binne ƙwallon dabino da ya daɗe a aljihunsa tun daga gida. Gaskiya wurin ya yi kyau, ba wanda zai ce bai yi ba.

Ranar da Jibirin ya leƙo ya ga babu ayaba, sai ya bi gindin katangarsa da kallo. Mai masauki ba ya hana baƙonsa abu kai tsaye, balle wanda shi da kansa ya ba fili.

"Sannu da aiki, Malam Umoru. Sai dai ruwan nan zai dawo fa. Nan damina biyu muke yi."

"Na sha jin haka, Maigida. Ɗan yayyafi ne mutanen kurmi ke kira damina."

"Katangar nan ta tsufa," in ji Jibirin. "Ita kaɗai ta rage mini."

Umoru ya ɗauka tawali'u ne irin na manya, ya yi dariya ya karɓi akushinsa.

Ruwa kuwa ya dawo, kuma ba yayyafi ba. Kududdufi ya cika ya rasa hanya, ya bi inda ayaba take a da, ya kwanta a gindin katanga. Lakar katangar ta yi baƙi har tsawon gwiwa. Jibirin ya sake magana, wannan karon muryarsa ƙasa-ƙasa: "Gindinta ya jiƙe. Da za a buɗe wa ruwan hanya kaɗan." Umoru ya dubi katangar, ya ga jiƙewar da idonsa, ba wai bai gani ba. Amma ya riga ya gayyaci mutane su zo ganin lambu ranar Juma'a, kuma badon ya fara fure. Ya ce in sha Allahu baƙi na tashi ranar Juma'a zai fasa madatsar.

Bayan sallar Juma'a suka zo: Liman Tijani, da Idirisu mahauci, da wasu dattawan unguwa. Jibirin ba ya cikinsu, don shi da ma ana sallamewa yake yin gida. Umoru ya shimfiɗa tabarmi a bakin ruwa, ya raba goro, yana nuna wannan yana nuna wancan, har da ɗan tsiron dabinon da ya fito kamar allura. Liman ya ce rabonsa da ƙamshin ɗoɗɗoya tun yana yaro a Zariya. Kan Umoru ya yi girma. Daga bayan katanga ana jin ƙarar taɓarya, sai ya ce da baƙinsa, "Kun ji yarinyar Salaga ta fara. Hannunta a daka ba laifi, gishiri ne ba ta sani ba."

Bai rufe baki ba katangar ta motsa. Ba ta yi wata ƙara ba. Gindinta ne ya zame, ta durƙusa a hankali kamar raƙumi, rabinta ya kwanta cikin kududdufi, ruwa ya fantsama har kan tabarmi.

Tsakar gidan Jibirin ta buɗe gaba ɗaya. Yana tsaye a gaban turmi, ba rawani, ba riga, furfura fal kansa, ya ɗaura tsohon zanen mace a ƙugu, taɓarya a hannunsa. Tukunya tana kan murhu. Zannuwan da aka wanke suna kan igiya suna ɗiga. Can a inuwa Hajaratu tana jingine da bango a kan tabarma, rabin jikinta a shanye, bakinta ya karkace, kitson kanta a karkace shi ma, irin na hannun da bai taɓa koyon kitso ba. Ba wata yarinya daga Salaga, kuma da gani ba a taɓa yin ta ba.

Jibirin bai gudu ba. Ya ajiye taɓaryar, ya taka ya tsaya tsakanin matarsa da idon maza.

Liman Tijani ne ya fara sunkuyar da kai. Ya tashi, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita. Sauran suka bi shi ɗaya-ɗaya, kowa idonsa a ƙasa. Idirisu ma, da ba ya shiga waje ya fita bai bar magana ba, haka ya fita shiru.

Umoru ya so ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta kama shi tun daga tafin ƙafa, har kunnuwansa suna zafi. Mutumin da ya yi jinyarsa, ya ba shi wurin kwana, shi ya tsiraita a gaban liman da dattawa saboda furen bado. Kuma an gaya masa, har sau biyu aka gaya masa. Ya tuɓe babbar rigarsa ta Juma'a ya rataya a reshen zogale don ta tare gurbin, ba ta kai ba. Ya kwaso tabarmin baƙi a jiƙe, ya tuge zogalen da ya kafa ya yi dirka da su, ya ɗaɗɗaure, duk yana kawar da kai.

Daga nan ya ɗauki fartanya ya fasa madatsar. Ruwan da ya yi ta tattali ya kwarara gangare, ya tafi da bado da lalle. Ya shiga ramin har cinya ya fara jawo lakar katangar yana tarawa, ya haɗa da ƙasar bakin kududdufin, ta wurin ɗoɗɗoya da ta wurin dabinon duka, yana cuɗawa da ƙafa. Gwiwar tana sara, bai saurare ta ba. Ya san katanga za ta tashi, laka ce. Abin da idon mutane ya gani ne bai san yadda zai yi da shi ba.

Can bayan tabarmin kuwa, ƙarar taɓarya ta ci gaba.

La'asar sakaliya, yana duƙe cikin laka, sai ya ga gefen tabarma ya ɗaga daga ƙasa. Hannu ya turo akushi. A bayan hannun akwai tabon ƙunar murhu, tsoho da sabo. Kullum hannun nan yake miƙo masa abinci, bai taɓa dubawa ba.

"Malam Umoru, ga abinci."

Tabarmar ta sauka, sai kuma muryar ta sake fitowa daga bayanta, ba faɗa a cikinta, ba gori.

"Na rage gishirin."

Umoru ya wanke hannu a ɗan ruwan da ya rage a gindin ramin, ya zauna a kan tarin laka ya buɗe akushin. Fufu ne da miyar ganye, da zafinsa. Ya kai loma ta farko baki, ya daɗe yana riƙe da ita kafin ta wuce.