Sikelin Surukina

Surukina tsohon ɗan dambe ne, irin na safar hannu, kuma har yau bai yafe wa duniya rashin saninsa da ta yi ba. Shi ke horar da ƙungiyar unguwarmu a wani tsohon sito da ke bayan gida, inda ya rataye buhunan yashi a ƙarfen rufi. 'Ya'yansa maza biyu duk ya jefa su a harkar: mijina, wanda kowa ke kira Guduma, da ƙaninsa Auta. Gida ɗaya muke zaune, tukunya ɗaya, kuma Mama, surukata, ce ke rabon abinci.

Mijina walda yake yi da rana, ya yi atisaye da yamma. Shekaru sun fara tura shi, gasar bana ce damarsa ta ƙarshe ta shiga cikin 'yan wasan ƙasa, abin da yake mafarki tun kafin ya san ni. Sai dai a dambe nauyi ake dubawa a haɗa mutane, kowace ƙungiya mutum ɗaya take kaiwa a kowane rukuni. Shi da Auta kuwa nauyinsu ɗaya.

Baba bai wahalar da kansa da dogon tunani ba. Auta ne ɗan lelensa, wai shi ya gado naushin hagunsa.

"Kai ne babba, kai za ka sauka rukunin da ke ƙasa da naka," in ji shi, yana sakace haƙori. "Kilo biyar ne kacal. Ka bar wa ƙaninka wurin."

"Baba, jikina ba kitse," mijina ya ce a hankali. "Ina zan samo kilo biyar?"

"A bakinka za ka samo. Rufe shi kawai za ka yi."

Na lallaɓa mijina muka je wurin likitar da ke duba 'yan wasa. Ta matsa hannunsa, ta matsa cikinsa, ta girgiza kai. Ta ce mai aikin ƙarfi da atisaye dole ya ci sau uku, ya ƙara da ɗan abin taɓawa: ƙwai, kifi, wake, ganye, shinkafa ko dankali daidai gwargwado, ayaba bayan atisaye, ruwa kuma kada ya kuskura ya yi wasa da shi. Ta ce in ma za a rage nauyi, a hankali ake yi cikin watanni, kuma shi babu abin ragewa a jikinsa sai tsoka. Da muka kawo wa Baba maganar, dariya ya yi har da buga cinya.

"Ita likitar ta taɓa shan naushi? A zamaninmu da yawu muke zubar da kilo."

Da yawun kuwa aka fara. Baba ya ba mijina gwangwani ya riƙa tofawa duk inda yake. Ya yanka manyan ledojin shara ya yi masa riga da wando, ya sa shi tsallen igiya a cikinsu da tsakar rana, ƙofar sito a rufe. Abinci ya koma dafaffen ƙwai ɗaya da rabin lemo. Da gasar ta matso aka janye ƙwan, aka bi da ruwan, sai kurkurar baki ya zubar. Kullum da safe Baba zai jawo sikelinsa daga ƙarƙashin benci, ya tsayar da ɗansa a kai daga shi sai gajeren wando, ya duƙa ya karanta, ya ɗago ya ce, "Ka saci wani abu jiya."

Mutumin da ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai ya koma yana dafa bango kafin ya miƙe. Leɓɓansa suka tsage, idanunsa suka faɗa, 'yarmu ta daina yarda ya ɗauke ta saboda warin bakinsa. Na tsani surukina a kwanakin nan, tsana ta gaske, kuma ban nemi gafarar kowa a kanta ba.

Mama kuwa hannunta bai san ragi ba. Shekara da shekaru tana zuba wa maza biyu kwano biyu, ba ta ga dalilin canzawa ba. Kullum za ta cika na mijina, kullum zai dawo ba a taɓa ba, ita kuma a wurinta zubar da abinci zunubi ne babba. Sai ta juye shi a na Auta. "Cinye, ɗan albarka, kai ne mai aiki a gabanka." Auta bai taɓa yi wa mahaifiyarsa gardama a kan kifi ba.

Ni na fara lura da kumatunsa. Wata safiya, bayan an sauke mijina daga sikeli, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, da an ɗora Auta ma an gani."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke matar aure ce ko alƙalin wasa? Nauyin Auta a idona yake. Tun yana zanen goyo nake auna shi." Mama ta harare ni, wai ina sa wa yaro ido a abinci. Na koma wanke-wanke.

Ranar gasa da safe aka yi awo a wani ɗaki mai tayil a bayan zauren wasanni, maza a layi ba riguna. Mijina ya hau, jami'in ya duba ya ce ya yi daidai. Da ya sauko sai da na tare shi da kafaɗa. Auta ya hau yana murmushi, jami'in ya duba, ya sake dubawa, ya ce ya haura da fiye da kilo guda.

Baba ya ce sikelinsu ne ya lalace. Aka kai Auta kan wani, aka samu abu ɗaya. Suka ba shi ɗan lokaci ya je ya rage. Baba ya fizge jakar da ke hannuna don ya ciro ledojin, ya ja Auta suka yi waje da gudu, ya tafi da ita gaba ɗaya, da ayaba da ruwan gishiri da sukarin da na haɗa wa mijina a ciki. Ruwan famfon banɗaki na tara masa a tafin hannu, ya sha ya amayar.

Auta ya yi tsalle, ya yi tofi, har kuka ya yi, amma kifin Mama ya ƙi fita. Aka soke sunansa. Rukunin mijina na asali, wanda ya fi kowa a cikinsa, ya zauna babu ɗan ƙungiyarmu. Mijina ya ja ƙafa ya je ya roƙi jami'in a mayar da shi can. Mutumin ya ce an rufe rajista, kuma ko ba a rufe ba, yanzu bai kai nauyin wurin ba.

Da yamma ya shiga fili. Abokin karawarsa irin waɗanda yake wasa da su ne da hannu ɗaya, amma a ranar ko safar hannun ma ta yi masa nauyi. Baba na tsaye a kusurwarsa, tawul a kafaɗa, idonsa na kan Auta da ke zaune cikin 'yan kallo ya rufe fuska. Ba a gama zagayen farko ba aka sakar wa mijina naushi a haƙarƙari, ya durƙusa, ya kife. Wasu suka yi ihu wai an kawo musu majinyaci.

A asibiti suka jona masa ruwa a hannu biyu. Fitsarinsa ya fito kamar baƙin shayi. Likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, za su yi iya ƙoƙarinsu, amma batun dambe a manta da shi, waldar ma sai abin da hali ya yi.

Sai washegari Baba ya zo. Bai zauna ba, bai tambayi abin da likita ya ce ba. Ya tsaya a ƙarshen gado, hannuwa a baya.

"Ka kyauta," ya ce. "Ka ga abin da ka jawo wa ƙaninka? Yaro na da gaba, ka tura masa kwanonka kullum har ka kashe masa shekara. Ba ka da hannun da za ka zubar a shara? Baƙin ciki ne, na sani. Ba ka so ya wuce ka."

Na miƙe, na buɗe baki zan faɗi abin da zai raba ni da gidan nan har abada. Sai na ji yatsun mijina sun kama gefen mayafina. Ya juyo da kansa da ƙyar a kan matashi, ya lashi tsagaggen leɓensa, ya dubi mahaifinsa.

"Ka yi haƙuri, Baba," ya ce. "Auta ya ci abinci kuwa?"