Takalman Ƙusa

Duk layin da Ƙusa aka san shi, don tun yana saurayi siriri ne kamar abin da yake bugawa a dunduniyar takalmi. Mai ɗinkin takalma ne, shagonsa ɗan ƙuƙut a ƙarƙashin wani bene, kullum cikin warin fata da gam. Matarsa kuwa Gwamnati yake ce mata, saboda a gidan nan idan ta yanke hukunci babu ɗaukaka ƙara.

To, da ƙafafun Ƙusa suka fara kumbura, ai mai hankali asibiti zai nufa. Gogan naku kuwa sai ya jawo baƙar fata ya ɗinka wa kansa takalmi irin nasa sak, ɗinki ɗaya, igiya ɗaya, har da ɗan karcen gefen hagu, sai dai ya ƙara masa faɗi. Na da ɗin ya tura shi ƙarƙashin teburin aiki. Da wannan ya matse, ya ɗinka wani. Haka ya yi ta yi, wai don kada Gwamnati ta gane ta tayar da hankalinta. Kai, wani wayon ma ciwo ne! Ana nan, ran nan ya sunkuya zai ɗauki guduma, numfashi ya ce bai san zancen ba, maƙwabta suka kwashe shi sai asibiti.

Likita ta ce hawan jini ne ya daɗe yana wahalar da zuciyarsa har ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Ta rubuta masa ƙwayoyi iri biyu, ɗaya ta saukar da jinin ta rage wa zuciya aiki, ɗaya ta fitar da ruwan. Ta ja masa kunne cewa kullum da safe ne, babu fashi, ko da ya ji kamar ya yi tsere da mota.

Yana kwance a gadon asibitin autarsu ta haihu, jikansu na fari. Aiki aka yi mata, ga shi a can ƙololuwar wani dogon bene suke zaune, babu lif. Ita ba ta saukowa, shi kuma likita ta hana shi hawan bene sai kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Hotuna dai suna ta shigowa wayar Gwamnati, amma duk fuska ce, an naɗe sauran yaron cikin bargo. Ƙusa ya yi ta mita, wai wane irin suruki ne wannan da zai ɗauki hoton mutum ya bar ƙafa? Shi a wurinsa ba ka san mutum ba sai ka ga ƙafarsa.

Sai magani ya kama aiki. Wayyo, bayin gidan nan ya ga ta kansa! Kafin rana ta ɗaga Ƙusa ya yi sintiri har tabarmar ƙofa ta san takunsa, kuma duk fitowa sai ya tsaya ya leƙa idon sawunsa yana dariya shi kaɗai. Da aka bar shi ya koma shago, babban takalmin ya fara yi masa ƙwal-ƙwal. Ya rufo ƙofa, ya jawo na ƙasa da shi, ya zura. Daidai! Murna ta sa ya miƙe zumbur, jiri ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin kwandon tsofaffin silifa, ya yi ta ƙyaƙyata dariya har mai gyaran waya na kusa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Daga nan fa babu mai zaman lafiya a layin. Duk wanda ya kawo gyara sai an ɗage masa ƙafar wando an nuna masa ƙashin idon sawu, kamar wani abin da aka sayo daga waje. Wata tsohuwa da ta kawo jaka ta ce ita dai zik ɗinta ta zo karɓa, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙusa yana ta sauka daga takalmi zuwa takalmi, yana fito, yana buga guduma da kiɗa, har ranar da ƙafarsa ta shige cikin na ainihin, tsohon nan da ya san duk wani lungu na yatsunsa. A ranar likita ta saurari ƙirjinsa, ta danna ƙwaurinsa da yatsa, ta ce zai iya hawa, amma a hankali, yana hutawa.

Ya shigo gida yana rangaji kamar ango, ya ce wa Gwamnati gobe sai bene. Ya ƙara da cewa shi fa ya gama da ƙwaya, wanda ya warke me zai yi da magani, kuma ba zai je gidan suruki yana neman bayi a tsakiyar matakala ba. Gwamnati ta dube shi sama da ƙasa, ba ta ce uffan ba. Da ma ya san shirunta ba alheri ba ne, amma murna ta toshe masa kunne.

Da safe ya yi wanka, ya feshe jiki da turare, ya fito bakin ƙofa inda ta saba ajiye masa takalmi a goge. Abin da ya tarar ya sa fiton ya maƙale masa a baki. Babban ne, na ƙarshen nan mai kama da kwalekwale, an goge shi yana ta ƙyalli. Ashe da sassafe ta ɗauki makullin shago ta je ta ɗauko shi. Gefe guda ga tsohon takalminsa, ga ƙwayoyi a ɗan faranti da kofin ruwa.

"Tun na biyu na gane," in ji ta. "Ni nake goge su, Malam. Na yi shiru ina jira ka faɗa da bakinka, saura kaɗan in jira har kabari. Wannan shirun ba zan sake yin sa ba. Ka zaɓi wanda za ka sa."

Kunya ta kama shi, tausayinta kuma ya fi kunyar, don muryarta rawa take yi, abin da bai taɓa ji ba. Ya ɗauki ƙwayoyin ya watsa a baki, ya kora da ruwa, ya ce Gwamnati ikon Allah. Ta harare shi, dariya ta ƙwace mata.

Hawan benen nan kuwa sai wanda ya gani. Kowane hawa sai ya zauna ya huta, ya gaishe da duk wanda ya wuce, ya sanar da shi cewa jika zai gani. A tsakiya abin da ya ji tsoro ya faru, ya ƙwanƙwasa ƙofar wasu bayin Allah da bai taɓa gani ba, ya fito daga bayinsu sun zama abokai, har ya yi wa maigidan alkawarin gyara masa dunduniya kyauta. Gwamnati tana biye da shi, tana cewa a bar ta da abin kunya.

Auta ta buɗe ƙofa, ta ga babanta tsaye da ƙafafunsa, sai hawaye. Shi ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya zauna, aka ɗora masa yaron a cinya, ya warware bargon ta ƙasa. Ga su nan, jajaye, 'yan mitsi-mitsi, suna harbin iska. Ya aza babban yatsansa a tafin ƙafar, ya ga yatsan ya fi ta tsawo, ya yi dariya har da ƙwalla. Ya ce akwai wata fata mai laushi da ya daɗe yana ɓoyo, ita zai yanka wa wannan mutumin.

"Baba, ai sai ya shekara kafin ya taka ƙasa," in ji Auta.

Ƙusa ya riƙe 'yar ƙafar a tafin hannunsa.

"Zan jira shi," ya ce.

Sannan ya juya ya tambayi Gwamnati ko ƙwayoyin da suka rage a gida suna da yawa. Ta ce sun kusa ƙarewa. Ya ce to, su biya ta kemis a hanyar komawa.