Yaren Bariki

Tun da aka turo Manjo aiki wannan ƙasa ta waje, matarsa ta zama kurma da kunnuwanta. A gida malamar makaranta ce, mai baki kamar rediyo. A nan kuwa ko kwalin madara ta ɗauka sai ta yi ta juya shi, ba ta san ko na sha ba ne ko na wanki.

Ranar da ta gaji da nuni da yatsa, ta tare mijin yana kwance igiyar takalmi.

"Baban 'yan biyu, ka koya mini ko kalma kaɗan ce. Na gaji da zama kamar gunki."

Manjo ya gyara zama, ya koya mata yadda ake kiran mutum, yadda ake cewa a ba ka abu, da abin da ake faɗa in an gama. Ta haddace su tsaf tana wanke-wanke.

Sai dai tun da ta fara magana abin ya ƙara lalacewa. Direban bas ya daina yi mata murmushi. Maƙwabciyar da ke riƙe mata ƙofa in ta turo keken yara ta koma kau da kai. Matar Manjo ta yi kukanta a kicin, ta yanke cewa mutanen nan ba sa son baƙo, shi ke nan.

Wata safiya ta shiga kantin tsohuwar da ke bakin layinsu sayen burodi. Ta tausasa murya iyakar iyawarta, ta faɗi kalmominta. Tsohuwar ta ajiye wuƙa, ta haɗe ƙafafu, ta ƙame, ta sara mata. Sannan ta fashe da dariya har tana dafa kanta, ta ƙwala wa 'yarta kira daga ciki. 'Yar ta ɗan iya Turanci, da shi suka lallaɓa.

"Mama ta ce wa ya koya miki magana?"

"Maigidana."

"Soja ne ko?"

Matar Manjo ta amsa da e. 'Yar ta yi ta kame-kame kafin ta fassara mata abin da take ta faɗa wa jama'a duk watannin nan: Kai, zo nan! Miƙo, maza! Abin da ta ɗauka godiya ce kuwa, ma'anarsa, an sallame ka.

Matar Manjo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tuno direban nan mai furfura, sa'an mahaifinta, da take sallama kullum. Ta juya za ta fita ba burodin, tsohuwar ta riƙo hannunta, ta zaunar da ita a kan kwalin gwangwanaye. Ta nuna bakinta, ta furta wata kalma a hankali. Matar Manjo ta maimaita, ta karkace. Suka sake, suka sake, har tsohuwar ta gyaɗa kai. Kalmar ban haƙuri ce.

Da Manjo ya dawo da yamma, ta ƙame masa a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, ashe kurata ka mai da mutanen unguwa ban sani ba?"

Ta zayyana masa komai. Ta zaci zai yi dariya, sai ya zauna a hannun kujera yana murza hularsa.

"Wallahi iyakar abin da na iya ke nan. A filin fareti na tsince su, na zaci haka kowa ke magana. In aka tashi cin abinci abokan aiki suna hira, ni dai murmushi nake yi. Kunya ce ta hana ni gaya miki."

Sai a lokacin ta lura da yadda ya rame, kakin ya yi masa yawa. Faɗan da ta wuni tana shiryawa ya bi ruwa. Ta zauna kusa da shi.

"To, gobe ba ka da aiki. Ni da kai da 'yan biyu, kanti za mu. Tsohuwar ta ce in kawo ka ta ga malamin nawa."

"Da kaki ko ba kaki?"

"Ka rufa mana asiri, ka sa jallabiya."